Madubin hangen nesa na rawa a kan ƙafa-uku: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Riyad ne. Ƙanena yana koyon harbin gasa a wani kulob mai lasisi, da doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi .22, kuma ranar Juma'a bayan La'asar nakan raka shi in zauna a bayansa ina gaya masa inda harsashi ya faɗa. Na sayi madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda ake kira darbil a nan, mai lamba 12x50, na haɗa da ƙafa-uku irin ta kyamara da na samo a kasuwar Baɗha. Da na rasa yadda zan haɗa su sai na ɗora madubin a kai na ɗaure da igiyar roba. Hoton sai rawa yake yi. A mita 50 da ƙyar nake ganin huda, a mita 100 kuwa sai dai in yi hasashe. Madubin ne ba shi da kyau in canza, ko ni ne ban iya kafawa ba? Daga wani mai karatu a Riyad.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya da kake yi wa ƙanenka. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka canza madubin. 12x50 ya isa aikin mita 50 har da rara, kuma daga bayaninka laifin yana tsakanin madubin da ƙasa ne, ba a cikin gilashinsa ba.

Lambar 12 ɗin nan tana nufin yana jawo abu kusa sau 12, 50 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Allon da ke mita 50 zai zame maka kamar kana tsaye mita 4 da 'yan kai daga gare shi, na mita 100 kuma kamar mita 8 da ɗoriya. Hudar .22 faɗinta wajen milimita 5.6 ne, lafiyayyen ido kuwa yana rarrabe abu mai milimita 3 daga nisan mita 10 in haske ya wadata. A lissafi ke nan ya kamata ka ga hudar a duka biyun, muddin a farin takarda ta faɗa. Sai dai madubi ba ya zaɓe. Yadda ya ninka allon sau 12, haka yake ninka kowace girgiza sau 12, har da bugun zuciyarka in goshinka na jingine da shi.

Igiyar robar nan ita ce farkon abin da za ka jefar. Roba tana miƙewa tana dawowa, aikinta ke nan, don haka ba za ta taɓa riƙe maka abu cak ba. Juya madubin ka dubi gabansa, tsakanin manyan gilasan biyu, daidai kan gaɓar da yake lanƙwasuwa. Za ka ga wani ɗan murfi zagayayye, sau da yawa da tambarin kamfani a jikinsa. Mutane da dama sun ɗauka ado ne. Warware shi, a ƙarƙashinsa akwai ramin sukuru mai faɗin rubu'in inci, zare 20 a kowane inci, irin wanda ke gindin kyamara sak. Wannan ramin don adafta aka yi shi, wani ɗan ƙarfe mai siffar harafin L: kansa na sama ya shiga madubin, ƙafarsa ta zauna a kan ƙafa-uku. Nemi na ƙarfe, ban yarda da na roba ba ko kyauta ne. In bututun madubinka miƙaƙƙu ne kuma suna kusa da juna, sai ka nemi siririn adafta, domin mai kauri zai hana su matsowa daidai da tazarar idanunka. Kuma ka fara daidaita wannan tazarar, har da'ira biyun su haɗe su zama ɗaya, kafin ka ɗaure sukurun. Da hannu za ka ɗaure shi, ko da kwabo in yana da tsaga. Kada ka sa filaya, zaren cikin ramin ba shi da zurfi, in ya cinye gyaransa ya fi sayen adafta goma wahala. In kuma ka buɗe ba ka ga rami ba, akwai faranti mai ɗamara da ake kwantar da madubin a kai a ja ɗamarar ta matse shi. Bai kai adafta ba, amma ya fi igiya nesa ba kusa ba.

Daga adafta sai ɗan farantin da ke maƙalewa a kan ƙafa-uku. Nan ma wurin sata ne: sukuru ɗaya ke riƙe da su, kana juya madubin hagu sai adafta ya murɗe a kan farantin ba ka sani ba. Akwai adaftocin da aka sassaƙa ƙafarsu daidai da matsi irin na Arca-Swiss, wato samfurin bakin da ke kama faranti a kan ƙafa-uku da yawa, suna shiga kai tsaye ba faranti. In ka samu irinsu kuma kan ƙafa-ukunka ya dace, ka rage gaɓa ɗaya, kuma duk gaɓar da ta ragu wurin rawa ne ya ragu.

Kan ƙafa-ukun shi ne inda masu arha ke tona wa kansu asiri. Gwada wannan: saita madubin a kan allo, ka ɗaure hannun, ka saki. In hoton ya ɗan zame ƙasa bayan ka saki, kan ne ba ya riƙo, kuma babu dabarar da za ta gyara shi. Za ka riƙa saitawa sama da allon kana fatan ya zamo daidai, aikin da ke ƙular da mutum cikin minti biyar. Kai mai ƙwallo a ciki ya dace da mai ɗaukar hoto, amma ga aikinka na fi son kan bidiyo mai mai a ciki, wanda ke juyawa a hankali kuma ya tsaya inda ka bar shi ko ba ka kulle ba. Madubi irin naka bai cika wuce kilo 1 ba, duk da haka ka nemi kan da aka rubuta yana ɗaukar kilo 3 ko 4. Lambar da kamfani ke rubutawa tana nufin ba zai karye ba ne, ba wai ba zai yi rawa ba.

Sai ƙafafun. Ina kyautata zaton ka ɗaga sandar tsakiya har ƙarshe don madubin ya iso idonka kana tsaye, kusan kowa haka yake yi. Ƙafa-uku kamar duwatsun murhu ne, tukunya tana zama daram saboda nauyinta ya sauka a kan ukun. Da zarar ka ɗaga sandar nan, ka ɗora kayanka a kan ƙafa ɗaya. Sauke ta gaba ɗaya, ka samu kujera ka zauna, ka rage tsawon ƙafafun zuwa tsayin idonka a zaune. Wajen zaro su fara da gaɓoɓin sama masu kauri, sirarar ƙasa kuwa ka bar su a ciki in ba dole ba. Wannan kaɗai yakan kashe rabin rawar ba tare da ka kashe ko riyal ɗaya ba. Ƙafa ɗaya ta fuskanci allo, kai ka zauna tsakanin biyun baya don gwiwarka kada ta riƙa taɓa su. In a kan yashi ne, danna kowace ƙafa har ta daina nutsewa, ko ka sa ɗan guntun katako a ƙarƙashinta. A kan siminti bar takalman robarta.

Yawancin ƙafa-uku suna da ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya. Rataya jaka mai gorar ruwa biyu ko uku, amma ka sassauta igiyar yadda gindin jakar zai ɗan taɓa ƙasa. In ta rataye a sarari iska za ta mai da ita lilo, ka ƙara wa kanka aiki. Maɗaurin wuyan madubin ma ka naɗe shi a jikin kan, domin iskar shamal, wato iskar arewa, in ta taso tana kaɗa shi yana jijjiga hoton, kai kana can kana zargin ƙafafu. In ka gama, sa ido a madubin ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Hoton ya nutsu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ya wuce haka, bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da hannu, za ka ji wadda ke motsi.

Wajen kallo kuma ka cire hannu daga jikinsa, ka matso da ido ba tare da ka jingina ba. Tunda a filin harbi dole ka sa gilashin kariya, murɗa robobin idon madubin su koma ƙasa, in ba haka ba za ka riƙa ganin hoton ta ƙaramar kafa, sai ka matsa har ka ture shi. Kafa kayanka a bayan layin harbi, inda jami'in fili ya yarda, a bayan ƙanenka ɗan gefe kaɗan. Kada ƙafa ko ɗaya ta taɓa teburin da yake harbi a kai, kuma ka nisanci gefen bakin babbar bindigar maƙwabci, hucinta na girgiza madubi yana watsa masa ƙura.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne rabin matsalarka ta mita 100, kuma ba a sayar da maganinsa a kasuwa: kawalwalniya. Riyad a watan Yuli zafinta yakan haura digiri 43, kuma bayan La'asar ƙasa tana amayar da zafin da ta sha tun safe. Iskar da ke dab da ƙasa ta fi ta samanta zafi, suna cakuɗuwa, haske yana lanƙwasa a tsakaninsu. Ga yadda za ka bambanta. In hoton gaba ɗaya yana tsalle tare, allo da gungumensa da tudun bayansa, kayanka ne ke rawa. In kuwa allon yana nan inda yake amma gefunansa suna malala, zobunan suna narkewa suna dawowa, iska ce. A irin wannan hali ƙara ƙarfin madubi ƙara lalacewa ne, mai ninki 60 zai nuna maka tafasar ce kawai da girma. Sai dai ku canza lokaci, ku zo da sassafe ko dab da Magariba, ko ku ci moriyar Disamba da Janairu. Kuma a nan ne kaɗai zan yarda ka miƙe tsaye, in ƙafa-ukunka mai ƙarfi ce, domin layin gani in ya yi nesa da ƙasa kawalwalniyar tana raguwa.

Gwanayen harbin nesa ba sa ƙin ta gaba ɗaya, da ita suke karanta iska. Dawo da fokas baya kaɗan, zuwa wani wuri tsakaninka da allon, za ka ga igiyoyin zafin ƙarara. In suna tashi sama tsaye, babu iskar gefe. In sun karkata dama, iska dama take tafiya, kuma gwargwadon kwanciyarsu gwargwadon ƙarfinta. Harsashin .22 ba shi da nauyi kuma ba shi da gudu sosai, iska tana wasa da shi tun daga mita 50. Ranar da ka iya ce wa ƙanenka "dakata, ta juya hagu" kafin ya ja kunama, ka fi masa amfani fiye da mai ƙirga huda bayan an gama. A horo ke nan, ranar gasa dokar alƙalai ce ke aiki.

Akwai kuma iyakar da madubi mai ido biyu ba ya wucewa. A allon gasar doguwar bindiga na mita 50 zoben maki goma faɗinsa milimita 10.4 ne kacal, kuma yana tsakiyar baƙi. Baƙar huda a cikin baƙin fenti tana ɓuya ko ga madubi mai tsada. A horo ku yi amfani da farin allo, ko irin takardar nan da ke fasa launi mai haske a kewayen huda. In ƙanenka ya kai ga mita 200 ko 300, lokacin madubi mai ido ɗaya ya yi, mai ninki 20 zuwa 60, kuma shi ma a kan wannan ƙafa-ukun zai hau. Shi ya sa in kuɗi ɗaya gare ka nake cewa ka zuba shi a ƙafafu da kai. Na alminiyam sun fi arha kuma nauyinsu taimako ne, sai dai in sun sha rana ba sa taɓuwa. Na zaren kabon sun fi shanye girgiza, sun fi tsada. In kuma wata rana ya koma harbin faifan yumɓu, fannin da Sa'id Al-Muɗairi ya wakilci Saudiyya a gasar Olimfik ta Tokyo, to ajiye ƙafa-ukun a gida, faifai mai milimita 110 da ke gudu a sama da ido ake bin sa.

Ƙura kuwa, don Allah kada ka goge gilashi da bakin shimag, ƙyallen nan da ake yafawa a kai, ko hannun riga. Ƙurar nan yashi ne, tana kankare fentin gilashin. Hure ta da ɗan famfon roba tukuna, sannan ƙyalle mai laushi. Makullan ƙafafun ma ka riƙa kakkaɓe su, kada ka shafa musu mai, yashi zai manne. Kada ka bar madubin a mota a rufe da rana, kuma kada ka bar shi a kafe yana fuskantar rana, balle wani yaro ya leƙa. In tafiya ta kai ku Jidda ko Dammam, fito da shi daga sanyin esin mota da wuri, domin laimar can tana rufe gilashi da raɓa, sai ya ɗauki ɗumin waje take washewa.

Ranar da za ka sayi adafta ka tafi da madubin a hannu, ko shagunan kyamara ne ko baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad. Ka sa a ɗaura a gabanka, ka saita a kan rubutun wani allo mai nisa, ka saki hannu, ka ƙwanƙwasa ƙafar kafin ka biya.