Durƙusa kafin ka ɗauki hoton yaron

Sani, ka tambaye ni dalilin da ya sa jiya a makaranta na hana ka ɗaukar hoton yaron nan mai keken guragu kana tsaye a kansa, na ce sai ka durƙusa, ka kuma fara tambayar sunansa. Jawo benci ka ji.

Sana'armu tana da tsohon laifi a kan irin waɗannan yara. A Turai da Amurka an daɗe ana killace yara masu nakasa a manyan gidaje, kuma mai hoton da ke shiga, hukumar gidan ce ta kira shi, ita za ta biya. Abin da take so shi zai fito a takarda.

A 1912 wani Henry Goddard na makarantar masu raunin ƙwaƙwalwa ta Vineland a jihar Niu Jazi ta Amurka ya buga littafi don ya nuna wai raunin ƙwaƙwalwa gadonsa ake yi. Yarinyar da ke cikin makarantar, wadda ya laƙaba wa Deborah, an ɗauke ta tsaf-tsaf cikin riga mai kyau. Danginta na waje kuwa, har da ƙananan yara, an jera su gaban bukkoki, an kuma bi idanunsu da bakunansu an ƙara duhu, suka fito kamar abin tsoro. Kai da ka san gyaran hoto, ka san hannu ne ya yi wannan. Duk sanda na duba su raina sai ya ɓaci, domin ɗan sana'armu ne ya yi aikin.

Akwai masu niyyar alheri. A Disambar 1965 malamin jami'a Burton Blatt da mai hoto Fred Kaplan suka shiga irin waɗannan gidaje guda biyar a Amurka, kyamara ɓoye a bel ɗin Kaplan. Suka fito da hotunan yara tsirara a ƙasa, ɗaki cike, babu mai kula. Hotunan sun girgiza Amurka, sun yi amfani ƙwarai. Amma duba da kyau: an shafe idanun da baƙin layi, babu suna, babu wanda aka tambaya ko ya yarda.

Idan ka ɗauka daga sama, keken ne zai cika hoton, yaron ya ƙanƙance. Ka sauko daidai idonsa, fuskarsa za a fara gani.

Gobe za mu koma makarantar. Ka gaishe shi da sunansa, ka nemi izininsa da na mahaifiyarsa, ka rage ƙafar kyamara. In ka ɗauka, juya masa ya gani. Wanda bai so ba, goge shi a gabansa.