Turancin jikin kwalbar magani da ƙwarin da ke gonarka

Wani manomi daga Giwa ya tambaya: Malam, tsutsa ta cinye min masara. A shago na ga kwalba an rubuta armyworm, wata kuma stem borer. Ba duk tsutsa ba ce?

A bakinmu duk tsutsa ce, amma Bature ya raba musu suna, kuma rabon yana da amfani ga aljihunka. Wadda ake kira fall armyworm baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a farkon 2016 aka fara ganin ta a Najeriya. Buɗe tsakiyar ganyen masarar ka duba. In ka tarar da kashi kamar garin katako, ga tsutsa mai zane kamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, to ita ce. Ita kuwa stem borer cikin kara take shigewa, in ta riga ta shige feshi ba ya iske ta, ka yi asarar kuɗi kawai.

Riƙe kalmar larva, ita ce tsutsa. Moth kuma uwarta ce, mai kama da malam-buɗe-littafi, da dare take yawo tana zuba ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu a wuri ɗaya. In aka rubuta a fesa wa young larvae, ana nufin tun suna ƙanana. Yi feshin da sassafe ko da yamma, ka saita bakin famfon cikin tsakiyar ganyen. Mai ƙaramar gona ma yana iya zuba toka ko yashi a wurin da hannu.

Daga Kura, wani mai noman rani ya ce: Na duba kwalba ta fi goma, ban ga sunan Sharon ba.

Ba za ka gani ba, ɗan'uwa, mu muka raɗa wa tsutsar tumatir wannan suna. Nemi Tuta absoluta ko tomato leafminer. Ita ce ta yi wa tumatir kaca-kaca a Kano da Kaduna a 2016. Tsutsar tsakanin fatar ganye take zama, shi ya sa maganin da aka rubuta masa contact, wato wanda sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi, ba ya yi mata komai. Wanda ke ratsa ganye kake so, za ka ga an rubuta systemic ko translaminar. Sannan kada babban sunan da ke gaban kwalba ya ruɗe ka. Karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin active ingredient, wato sinadarin da ke kashe ƙwaron. Na sha ganin manomi ya ce ya canza magani sau uku, da muka duba sinadari ɗaya ne a riga uku. Sharon kuwa saurin sabawa da magani gare ta.

Wata baiwar Allah mai noman gyaɗa ta ce jikanta ya karanta mata aphid, ba su gane ba.

Hajiya, darɓa ce. Kada a raina ta, ita ta yaɗa cutar da ta durƙusar da gyaɗar Arewa a 1975. In kin ga ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigo baƙi a cikinta, ladybird ke nan, darɓar yake ci, a bar shi ya yi aikinsa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mai ajiyar wake ce: wane magani ne na weevil?

Weevil dai ƙwaron da ke huda wake ne a buhu, kuma ba zan ba ka sunan magani ba. Zuba fiya-fiya a wake na cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuma nan muna ta ci da 'ya'yanmu. Busar da waken sosai, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka ɗaure kowace leda daban. Iska na ƙarewa ƙwaron zai mutu. In kuma ka yi feshi tun a gona, duba inda aka rubuta pre-harvest interval, adadin kwanakin da za ka jira ke nan kafin ka roro waken.