Ɗakin canza kaya na mata a wurin aiki a Ingila: abin da doka ta ba ki da abin da ba ta ba ki ba

Tambaya: Barista, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Ingila, shekarata ɗaya da wata huɗu da fara aiki. An ba wani abokin aikinmu da aka haifa namiji, daga baya ya sauya jinsi, izinin shiga ɗakin canza kaya na mata. Na yi wa shugabar sashenmu magana, ta ce in ban gamsu ba in riƙa canzawa a banɗaki. Ni Musulma ce, ba zan iya tuɓewa a haka ba. Na ji an ce Kotun Ƙoli ta haramta wannan. Ina da ikon in ce ya fita? In na ajiye aikin zan samu diyya?

Amsa: 'Yar'uwa, ban ga takardar ƙa'idar asibitinku ba, ban kuma ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, saboda haka ki ɗauki wannan a matsayin haske kawai. Amma tambayoyinki biyu na ƙarshe amsarsu kusan ɗaya ce: a'a, kuma kada ki gwada.

Hukuncin da kika ji labari shi ne na ranar 16 ga Afrilu, 2025, a ƙarar da ƙungiyar For Women Scotland ta kai gwamnatin Scotland. Kotun ta ce kalmomin mace, namiji da jinsi a cikin Dokar Daidaito ta 2010 suna nufin jinsin haihuwa, ko da mutum yana riƙe da takardar shaidar sauya jinsi ta dokar 2004. Iyakarta ke nan. Ba ta yi hukunci kan ɗakin canza kaya na wani asibiti ba, ba ta kuma ɗora wa wata ma'aikaciya aikin gadi a bakin ƙofa ba. A cikin wannan hukuncin alƙalan suka jaddada cewa wanda ya sauya jinsi yana nan da kariyarsa. Sashe na 26 na Dokar Daidaito da ya hana a muzguna miki, shi ne ya hana ke ma ki muzguna masa. In kika tare shi da faɗa, ko kika yi ta kiransa da tsohon sunansa, ko kika baza zancen a rukunin WhatsApp na sashe, ke ce za ki zauna gaban kwamitin ladabtarwa, ƙila har maganar ta kai NMC, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma mai riƙe da rajistarki.

Addininki abin kariya ne a dokar, haka ma ra'ayin cewa jinsi ba ya canzuwa, tun shari'ar Maya Forstater, wata mata mai wannan ra'ayi, a 2021. Sai dai kare aƙida daban, kare duk abin da mutum ya aikata da sunanta daban. A 2022 wani likita Kirista da ya ƙi kiran masu sauya jinsi yadda suke so a kira su ya faɗi a ɗaukaka ƙara, duk da an amince cewa aƙidarsa na da kariya.

To ina ƙarfinki yake? Yana kan asibitin, ba kan mutumin ba. Shi izini aka ba shi. Ƙa'idojin lafiya da walwalar wurin aiki na 1992, doka ta 24, sun wajabta wa mai aiki ya tanadi wurin canza kaya in aikin na buƙatar kaya na musamman, kuma ya raba maza da mata, ko ya raba musu lokaci, inda sutura da kunya suka buƙaci haka. Doka ta 20 ta ce a raba banɗaki, sai in kowanne ɗaki ne mai zaman kansa da ake kullewa daga ciki. Kan wannan za ki iya ɗora da'awar wariya a kaikaice ƙarƙashin sashe na 19 na Dokar Daidaito, ta fuskar jinsi da ta addini. Maganar shugabarki kuwa, wai ki je banɗaki ki canza, ba amsar da ya kamata a ba ƙorafi irin wannan ba ce, kuma ina zaton lauyan asibitin ba zai so ya ji an maimaita ta a kotu ba.

Duk da haka kada ki ɗauka nasara a aljihu take. Kotunan ma'aikata sun sha bamban. A shari'ar wata ma'aikaciyar jinya a Fife da ke Scotland kan irin wannan batu, a Disamba 2025, kotu ta samu hukumar asibitin da laifin muzgunawa a wasu abubuwa, amma ta yi watsi da ƙarar da aka shigar kan likitar da ta sauya jinsi. A Darlington da ke Ingila, a Janairu 2026, ma'aikatan jinya sun yi nasara kan asibitinsu a batun ɗakin canza kayan. Hukuncin waɗannan ƙananan kotuna ba ya ɗaure wata kotu, kuma kowanne ya rataya ne kan abin da ya faru a wurin.

Abin yi sananne ne. Ki rubuta ƙorafi bisa tsarin asibitin, ki sa kwanan wata, abin da kika faɗa da abin da aka amsa miki. Ki yi magana kan ƙa'idar, ki bar siffanta jikin kowa. Ki nemi abu takamaimai: ɗakin mata zalla, ko ɗaki na mutum ɗaya mai makulli kusa da sashenku, mai wurin ajiye kaya, ba wani sito a hawa na uku ba. Ki tafi zaman da wakilin ƙungiyarki ko abokiyar aiki, doka ta ba ki wannan. In aka canza miki jadawali ko aka fara tsangwamarki saboda ƙorafin, sashe na 27 na Dokar Daidaito ya kare ki.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne lokaci. Wa'adin shigar da ƙara a kotun ma'aikata, kamar yadda yake a farkon 2026, wata uku ne a cire kwana ɗaya daga ranar da abin ya faru. Ƙorafin cikin gida ba ya tsayar da wannan agogo, kuma sashen kula da ma'aikata ba zai tuna miki ba. Tuntuɓar hukumar sulhu ta ACAS ce ke tsayar da shi, kuma dole ce kafin shigar da ƙara. Kyauta ce. Ni a nan nake so maganar ta ƙare, da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi wane ɗaki, daga yaushe. Ƙara na iya cin shekara ko fiye, ga jaridu, alhali diyyar ɓacin rai a mataki mafi ƙanƙanta, a ma'aunin Afrilu 2025, tsakanin fam 1,200 ne da 12,100.

Batun ajiye aiki, ki cire shi a ranki tukuna. Da'awar wariya ba ta buƙatar daɗewa a aiki, amma tabbatar da cewa tilasta miki aka yi kika tafi abu ne mai wuya. In kuma asibitin ne ya ɗauki nauyin bizarki, zai sanar da ma'aikatar cikin gida, a mafi yawan lokuta a rage miki izinin zama zuwa kwana 60. Kafin ki sa hannu a kowace takarda, ki kai ta wurin lauyan ƙwadago ko ƙungiyarki, tare da kwafin ƙa'idar asibitin da takardar bizarki.