Baƙaƙen ɗigo a haɓar kyanwa

'Yar'uwa, kin ce haɓar kyanwarki ta yi baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa toka, kin goge sun ƙi fita. Da alama ƙurajen haɓa ne. Maiƙon fata da matattun ƙwayoyin fata ne ke toshe ramukan gashi, sai su yi baƙi. Ba cuta ce mai yaɗuwa ba.

Ki fara duba kwanon abincinta. Idan na roba ne, to shi nake zargi, domin yana karcewa, ƙwayoyin cuta su maƙale a ciki, ita kuwa kullum haɓarta na gogarsa. Ki koma na ƙarfe ko tangaran, a wanke kullum.

Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki dafa wurin na ɗan lokaci, sannan ki goge da chlorhexidine, maganin wanke fata mai kashe ƙwayoyin cuta, da aka tsarma da ruwa. Don Allah kada ki matse su, kuma ban da man ƙurajen mutane, tana lashewa.

In haɓar ta kumbura ko tana fitar da mugunya, sai likitan dabbobi. Zai duba ko makero ne, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta. Ƙurajen sukan dawo, saboda haka kada ki daina gogewar.