Digiri na biyu a cikin bariki: amsoshin tambayoyin 'yan'uwa masu aikin soja a Amurka

Wasiƙun wannan mako sun fito ne daga 'yan'uwa da ke aikin soja a Amurka da iyalansu, kuma duk magana ɗaya ta haɗa su: jami'o'in da ke buɗe rassa a cikin sansanonin soja suna ba da digiri na biyu. Na taƙaita tambayoyin, na cire sunaye.

Tambaya: Malam, ni saje ne a rundunar sojan ƙasa, shekarata takwas a aiki, ina da digirin farko. A cibiyar ilimi ta barikinmu jami'o'i uku ne ke da ofis, kowacce tana kirana. Ina son in yi mastas, amma ina sa ran za a yi mini canjin wurin aiki nan da shekara ɗaya da rabi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar canjin wurin aikin nan da ka sa a ƙarshe, da ita ya kamata ka fara. Sojan Amurka ba ya daɗewa a wuri guda, yawanci shekara biyu zuwa uku a tashe shi. Shi kuwa digiri na biyu yana cin kiredit (ma'aunin nauyin kwas da jami'o'i ke ƙirgawa) 30 zuwa 36, wato kwas goma zuwa goma sha biyu. Mai aiki da rana, mai karatu da dare, da wuya ya kammala wannan cikin wata 18. Saboda haka ka ɗauka tun yanzu cewa digirin da ka fara a wannan bariki, a wani wurin za ka ƙarasa shi.

A nan ne mutane da yawa ke asara. A digirin farko jami'o'i na karɓar kiredit mai yawa daga wata makaranta. A digiri na biyu hannunsu a matse yake: galibi daga 6 zuwa 12 suke karɓa. Idan ka yi kwas bakwai a jami'ar da ba ta da reshe a inda za a kai ka, kuma ba ta koyar da wannan digirin ta intanet, sabuwar makarantar tana iya ɗaukar biyu ko uku ta watsar da sauran. Kuɗi ya tafi, dararen da ka hana idonka barci sun tafi.

Don haka ka shiga ofisoshin nan uku da tambayoyi iri ɗaya. Shin wannan digirin, da sunansa da fanninsa, ana iya ƙarasa shi kacokan ta intanet idan an tashe ni? A waɗanne sansanoni kuke koyar da shi ido da ido? Kada ka yarda da amsar "muna da reshe a can", domin reshe na iya kasancewa amma fannin da kake yi babu shi a wurin. Shekara nawa kuka ba ɗalibi ya gama kafin tsofaffin kiredit ɗinsa su mutu? Jami'o'i da dama suna sa wa'adin shekara biyar zuwa bakwai. Sannan ka nemi jadawalin kwasa-kwasan shekara guda a rubuce. Ƙaramin reshe yakan soke aji idan ɗalibai ba su kai ba, kwas ɗaya na dole da aka ɗage yana iya riƙe ka wata shida.

Wannan tsari tsoho ne, kuma akwai waɗanda suka gwanance a kansa. Jami'ar Maryland ta aika malamai Jamus a 1949 don koyar da sojojin Amurka, ta ƙara da Asiya a 1956, yau reshen nata ake kira University of Maryland Global Campus (UMGC). Embry-Riddle, wadda ta shahara a harkar jiragen sama, ta fara koyar da sojoji a sansanin Fort Rucker da ke jihar Alabama a 1970. Webster ta shiga sansanoni a 1974. Akwai Troy ta jihar Alabama, da Central Michigan, da Jami'ar Oklahoma wadda aka san ta da matse darussan aji na kwas guda cikin kwanaki kaɗan, ɗalibi ya yi karatun littattafai tun kafin malami ya iso. Ban kawo sunayensu don in ce ka zaɓi ɗaya ba. Na kawo ne don ka ga cewa makarantar da ta daɗe da sojoji ta saba da ɗalibin da ke ɓacewa tsakiyar zango, kuma tana da hanyar da take bi da shi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi damuna da wasiƙarka: ba ka faɗa mini fannin da kake so ba. Na ga alama mastas kawai kake nema, ko wanne ne. Kaki ba ya dawwama a jiki. Ka zauna ka tambayi kanka aikin da kake son yi ranar da ka tuɓe shi. In harkar jigilar kaya ce, ko tsaron kwamfuta, ko kula da ma'aikata, ka bi digirin da ke kai wa can. Tallafin kuɗin makaranta da Ma'aikatar Tsaro ke ba soja yana bakin aiki ba ya biyan mastas sau biyu, wanda ka fara zaɓa shi ne rabonka.

Tambaya: Ni kyaftin ce a rundunar sama. Jami'ar da nake so tana karɓar dala 400 kan kowane kiredit. An ce mini tallafin TA ba zai isa ba, in cike da GI Bill. Hakan daidai ne?

Amsa: 'Yar'uwa, bari mu yi lissafi. Tallafin kuɗin makaranta na Ma'aikatar Tsaro, wanda ake kira TA, yana biyan har dala 250 kan kiredit ɗaya, kuma ba ya wuce dala 4,500 a shekarar kasafi, wadda ke farawa ranar 1 ga Oktoba. Wato kiredit 18 a shekara, kwas shida. Digiri mai kiredit 36 zai ci shekarun kasafi biyu da dala 9,000 na tallafi. A farashin dala 400, giɓin dala 150 ne kan kowane kiredit, jimilla 5,400, ban da littattafai, domin TA ba ya sayen littafi.

Ana iya cike giɓin da GI Bill, amma ni ba zan ba ki wannan shawarar ba sai in babu yadda za ki yi. GI Bill tallafin karatu ne da gwamnati ke ba sojoji da tsofaffin sojoji; na bayan harin 11 ga Satumba, wanda ya fara aiki a watan Agustan 2009, wata 36 ne na karatu. Idan kika taɓa shi kina bakin aiki, ana cire miki watanni ne gwargwadon yawan karatun da kika yi rajista, ko da kuɗin da aka biya ɗan kaɗan ne, kuma ba za a ba ki kuɗin haya ba. Waɗannan watannin, idan kika ajiye su zuwa bayan aiki, za su biya cikakken kuɗin jami'ar gwamnati a farashin 'yan jiha, da kuɗin haya, da na littattafai. Kashe su a kan dala 150 sayar da akuya ne don sayen igiya.

Kafin ki sa hannu a aljihu, ki tambaya ko jami'ar na da farashin soja na musamman. Da yawa daga masu rassa a sansanoni suna rage wa masu kaki, wasu har kusa da dala 250 ɗin nan, ko da yake rangwamen digiri na biyu bai cika kai na digirin farko ba.

Sharuɗɗa biyu kuma ki riƙe. Tunda ke hafsa ce, karɓar TA na ɗaure ki da ƙarin shekara biyu na aiki daga ranar da kwas na ƙarshe da aka biya miki ya ƙare. In kina da niyyar ajiye aiki nan kusa, ki auna wannan da kyau. Sannan a matakin digiri na biyu, sakamakon da ya gaza B na sa a karɓi kuɗin daga albashinki. Kada ki kwashi kwas biyu a zangon da kika san akwai atisaye. Kuma ki tabbata an amince da takardar TA kafin ranar fara aji, domin ba a biyan kuɗin ajin da aka riga aka fara.

Tambaya: Ɗana yana sojan ruwa, ya ce yana karatun digiri na biyu a wani ɗaki cikin sansaninsu, bai taɓa taka jami'ar ba. Anya wannan takarda ta gaske ce?

Amsa: Baba, tambayarka a kan hanya take, kuma amsarta mai sauƙin bincike ce. Idan jami'ar na da shaidar tantancewa daga ɗaya daga cikin manyan hukumomin da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta yarda da su, irin su HLC ko Middle States ko SACSCOC, to shaidar ta haɗa da rassanta, kuma digirin na uwar jami'ar ne. Ƙari a kan haka, makarantar da ba ta sa hannu a yarjejeniya da Ma'aikatar Tsaro ba, ba ta karɓar kuɗin TA.

Amma tsoronka yana da tushe. An yi makarantun kasuwa da suka mai da sojoji saniyar tatsa, abin da ya sa Shugaba Obama ya fitar da umarni a 2012 da ke hana yaudara da matsa wa sojoji lamba wajen ɗaukar ɗalibai. Rukunin Corinthian ya rushe a 2015, ITT ta rufe a 2016, dubban ɗalibai, cikinsu da tsofaffin sojoji, suka rasa inda za su kai kiredit ɗinsu. Ka ce wa yaron ya duba sunan makarantarsa a shafin kwatanta makarantu na GI Bill da Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ke gudanarwa, a nan ake nuna ƙorafe-ƙorafe da gargaɗi. In digirin kasuwanci ne, tambarin AACSB, hukumar tantance makarantun koyar da kasuwanci, na ƙara masa nauyi. In na ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ne, ya nemi tambarin CACREP, hukumar tantance wannan fanni, saboda lasisin aiki a jihohi da dama na tafiya da shi.

Gaskiya guda da ba zan ɓoye maka ba: karatun reshe ba ya ba da duk abin da harabar jami'a ke bayarwa. Malaman yawanci na wucin gadi ne, masu wani aikin da rana. Wasu cikinsu sun fi farfesoshi sanin aikin a aikace, wasu kuwa cika gurbi kawai suke yi. Ga wanda ke son ya zarce zuwa digirin digirgir, gara ya nemi tsarin da ake rubuta kundin bincike. Ga mai neman ƙarin girma da aiki bayan ritaya, reshe mai inganci ya wadatar.

Tambaya: Mijina soja ne. Ni ma zan iya shiga irin waɗannan azuzuwa? Wa zai biya?

Amsa: Za ki iya, 'yar'uwa, tunda kina da katin shiga sansani, kuma jami'o'i da dama na yi wa matan sojoji rangwame. Sai dai TA na mai kaki ne shi kaɗai. Tallafin MyCAA na dala 4,000 da ake ba matan wasu sojoji na satifiket ne da lasisin sana'a da digirin shekara biyu, ba ya biyan mastas. Hanyar da ta rage ita ce maigidan ya mayar miki da GI Bill ɗinsa. Sai ya cika shekara shida a aiki, ya kuma ɗauki alkawarin ƙarin huɗu, kuma dole ya nemi hakan yana cikin aiki, domin bayan ya fita ƙofar ta rufe. Ku zauna ku yi shawara, saboda watanni 36 ɗin nan su ne dai 'ya'yanku za su iya amfana da su nan gaba. Ana iya raba su: ke ki ɗauki abin da zai ishe ki, a bar wa yara saura.

Tambaya: An tura ni aiki ƙasar waje ana tsakiyar zango. In bar ajin kawai?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wanda ya daina zuwa bai ce komai ba, faɗuwa za a rubuta masa, a kuma cire kuɗin daga albashinsa. Ka kai takardar umarnin tafiya ofishin jami'ar da cibiyar ilimi, ka nemi janyewa saboda aikin soja, kwamandanka ya sa hannu don a yafe maka biyan TA. In saura mako biyu ko uku a gama, ka roƙi malamin ya ba ka ƙarin lokaci ka miƙa aikin daga can. Dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin ɗalibai na tarayya su mayar da sojan da aiki ya ɗauke a matsayin da ya bari. Ka ajiye kwafin kowace takarda da kowane saƙon imel har ranar da ka dawo.