Hili huɗu a bakin Tahoua, ko ɗaya babu sunanka a takarda

Wani ɗan kasuwa mutumin Tahoua da ke zaune Abijan ya aiko da wagga tambaya: "Malam ina da shagon kayan masarufi nan Abijan. Bara na aika ma ƙanena ɗan baffana sefa miliyan 6 ya saya mini hili huɗu bakin gari ta hanyar Konni, ya ce lotisma, wato yankan filayen gini na hukuma, na tahe wurin, shekara biyu kuɗin zai ninka. Ya turo hoton wurin ta WhatsApp da takardar da mai gona ya sa hannu da shaidu biyu, sunan ƙanen nawa anka rubuta tunda ba ni gari. Yanzu ya ce saura shida, in ƙaro miliyan 9 kafin wasu su kwashe. Ina tunanin in taɓa jarin shago. Mi kuke gani?"

Alhaji, don Allah kar ka aika ko dala. Tsaya tukuna mu yi maganar miliyan shidan da sunka riga sunka tahi, don su ne ke hana ni sakewa tun da na karanta saƙonka.

Maganar garin na girma gaskiya ce, ba na musu da ƙanenka a nan. Ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen dubu 150 a birnin Tahoua, an buɗe jami'a a 2010, bikin ranar jamhuriya na 2017 da anka kira Tahoua Sakola ya kawo gudurun da fitilu da gine-gine, ga kuɗɗin 'yan ci-rani irinku daga Kwaddibuwa da Libiya da Nijeriya da ke ƙarewa cikin ƙasa da siminti. Inda anka noma hatsi jiya yau katanga ce. Amma girman gari daban, abin da ke hannunka daban. A takarda kai ba ka da komi a Tahoua. Ƙanenka ne ke da wani yanki na gona, shi ma in an yarda da takardar tasa.

Ka lura na ce gona, ban ce parsel ba. Parsel sai an yi lotisma, jewometir, wato mai awon ƙasa, ya auna, an zana plan an amince da shi, an kafa born, wato alamun iyaka, a kusurwa huɗu, wurin ya samu lambar ilo, wato rukunin filayen da yake ciki, da tasa lambar, sannan meri ta ba da akt da sesiyon, wato takardar mallakar parsel, da sunan mai shi. Wurin da ake cewa "lotisma na tahe" babu ko guda cikin waɗannan. Kuma ranar da lotisman ya zo ba zai bi igiyar da mai gona ya ja muku ba, za a fidda hanyoyi, a fidda wurin lakkwal da likita da masallaci da kasuwa da abin da hukuma ke ajiyewa, kuma ba abin mamaki ba ne biyu cikin huɗun naka su faɗa tsakiyar hanya. Wa za ka kama a lokacin? Hukuma mai gonar asali ta sani, shi za ta yi lissafi da shi, shi kuwa ya riga ya ci kuɗinka ya aurar da ɗiya.

Sannan wa ya ce gonar tasa ce shi kaɗai? Gonakin bakin gari da yawa gado ne da ba a raba ba. Na ga wani mai sayar da albasa da ya sayi irin wanga wuri hannun babban ɗa, ya kai yashi da bulo har ya fara tushe, sai ga 'yan'uwa mata su uku sun taso daga gidajen aurensu sun ce ba da saninsu ba, kuma gaskiyarsu ce, Allah ya ba su rabonsu. Anka hana shi aza ko bulo guda, magana ta tashi daga gun mai gari ta koma jastis, yashin nan yara sunka watse shi da wasa, bulon maƙwabta sunka zare ɗaya ɗaya. Takardarsa irin taka ce sak, hannun mai gona da shaidu biyu.

Yanzu abin da ya fi ci mini rai, sunan da ke kan takardar. Na san abin da za ka ce, ɗan baffana ne, tare munka tashi, ba zai cuce ni ba. To na yarda, ban san shi ba kuma ba zan zarge shi ba. Amma rai fa Alhaji? In yau Allah ya yi masa rasuwa, abin da ke da sunansa ya shiga gadonsa, matarsa da 'ya'yansa ne magada, kai sai ka zo kana rantsuwa a gidan makoki kana nuna saƙon WhatsApp. In bashi ya kama shi, abin da ke da sunansa za a bi. Akwai wani bawan Allah da ya yi shekaru yana aikin gini a Libiya yana aiko ma wansa, wan mutumin kirki ne kowa ya shaida, ya sayi parsel biyu da sunansa don a sauƙaƙe, ya rasu babu wasiyya. Yau 'ya'yan wan ba sa gaida baffansu, shi kuma haya yake zaune a garinsu. Babu ɓarawo cikin wanga labari, rubutu ne ba a yi ba. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umurni ne a rubuta bashi a kafa shaidu, to don mi mu ke jin kunyar ce ma ɗan'uwa a rubuta? Kuma "ba ni gari" ba hujja ba ce, ana yin takardar wakilci, mutum ya sa hannu a madadinka amma sunanka ne ke kan dukiya.

Hoton da ya turo maka kuma, wane wata anka ɗauka? Da rani kowane hili kyakkyawa ne. Ƙasar Adar, inda Tahoua take, ƙasar tsauni da kwari ce, ruwa na da hanyarsa kuma ba ya mantawa da ita. Damanar 2024 ta rusa gidaje dubbai a Nijar, mutane fiye da miliyan guda abin ya shafa. Wurin da ba a gani ba cikin watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi, ba a san shi ba.

Zancen ninkawa cikin shekara biyu kuwa, na gaji da jinsa wallahi. Kowane ɗan kamasho haka yake cewa, kuma kullum "wasu na shirin kwashewa". In da tabbas zai ninka, mai gonar ba zai yi gaggawar rabuwa da shi ba. Ee ana samun parsel da kuɗinsa ya ninka, amma inda ruwan pampo da wutar NIGELEC sunka iso, da hanyar da mota ke shiga, da takarda tsabtatacciya da mai saye zai kai meri a duba. Kai ko miliyan 9 ɗin da kake son zarewa su ne ke ciyar da gidanka biyu, na Abijan da na Tahoua. Ko ribar kashi 3 cikin ɗari kake samu a wata, jika 270 kenan duk wata da za ka rufe cikin ƙasa. Ranar da kaya sunka yanke a shago ko wani ya kwanta likita, gonar da ba ta da takarda ba ta saiduwa cikin sati, sai dai ka karyar.

Ga abin da nike so ka yi. Ka ware jika 300 ko 400 na mota da hidima ka zo da kanka, ya fi maka arha nesa ba kusa ba. Ka kama hannun ƙanenka da mutunci, ba da faɗa ba, ka ce masa kana son gyara takardu saboda halin rai. Ku tahi meri sashen da ke kula da filaye ku tambaya ko akwai lotisma da anka amince da shi a wurin, a nuna muku plan da idonku, ku bi ta kadastir, wato ofishin rajistar filaye, a duba ko wani bai riga ya yi titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin, a kai ba. In har yanzu gona ce, a tara magada duka maza da mata gaban mai gari da kwamitin filaye, wato Cofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa don irin wanga aiki, a sake takardar sayarwa da sunanka da girman wurin da iyakokinsa. In magada sun ƙi, ka nemi kuɗinka tun mai gonar na da abin biya. In kuma ƙanen ya fara kawo uzuri kan maida suna, to ka samu amsar da ban iya ba ka daga nan.

Bayan haka in akwai rarar kuɗi, ba jarin shago ba, ka nemi parsel guda mai akt cikin lotisman da ya riga ya zauna, a yi mutasiyon, wato maida suna, da sunanka gaban noter mai tabbatar da takardu, ka kewaye shi da katanga ka nemi titir fonsiye. Shidan nan kuwa ka ce ma ƙanenka ya bar ma masu gaggawar su kwashe, sannan ka turo mini hoton takardar da ke hannunsa gaba da baya in gani kafin ka taso.