Hajiya, kada ki zuba kuɗin adashinki a sarin eldaberi, ki fara da reshe

Wata 'yar kasuwa da ke zaune a wajen birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka ta aiko da tambaya. Atamfa da turaren wuta take sayarwa, ta kwashi adashi dala 4,000, kuma akwai fili a bayan gidanta. Ta lura maƙwabtanta suna neman itacen eldaberi (elderberry) na asalin ƙasar, wani ɗan itace mai ƙananan baƙaƙen 'ya'ya, su yi shinge da shi, ya kare musu bayan gida daga idon jama'a, ya kuma jawo tsuntsaye. Wani mai sari ya yi mata tayin tukunya 300 a kan dala 11 kowace, ita kuma tana ganin za ta sayar a dala 20. Har tana tunanin dafa 'ya'yan itacen ta riƙa zubawa a kwalba tana sayarwa. Ta ce, ta zuba kuɗin duka?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Idonki ya ga kasuwa, wannan ba na ja. Amma kada ki karɓi tayin nan.

Abin da kika gani a unguwarku yana da tushe. A 2019 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna Arewacin Amurka ta yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, kuma masana irin su Doug Tallamy na Jami'ar Delaware sun daɗe suna kiran masu gidaje su rage ciyawar ado su dasa itatuwan asalin ƙasar. Ita kanta Ohio ta hana sayar da wasu baƙin tsirrai masu mamaye daji: tun 2018 aka hana Amur honeysuckle, wanda ya cika bakin gidaje da yawa ya zama shinge, sannan a farkon 2023 hanin sayar da Callery pear ya fara aiki. Wanda ya tumɓuke irin waɗannan sai ya tarar bayan gidansa a buɗe, yana neman abin da zai toshe wurin da sauri. Eldaberi na yin wannan aiki. Yana kaiwa ƙafa 8 zuwa 12, yana fitar da farin fure faffaɗa a watan Yuni da Yuli, 'ya'yansa su nuna baƙi-baƙi a Agusta zuwa Satumba, tsuntsaye irin su robin da catbird da cedar waxwing su yi ta wasoso a kai.

To, me ya sa na ce kada ki sara? Ki ɗauko alƙalami. Tukunya 300 sau 11 dala 3,300 ke nan, saura 700 a hannunki, ba a yi maganar kuɗin mota da lasisi da ruwa ba. Idan kin sayar da duka a 20 kin tashi da 6,000, lissafin yana da daɗin ji. Sai dai kasuwar dashe a Ohio ba ta ci duk shekara. Daga Afrilu zuwa farkon Yuni take tashi, ta lafa, ta ɗan sake motsawa a Satumba da Oktoba. Ke kuma sabuwa ce, babu wanda ya san ki da wannan sana'a. Mu ƙaddara rabi kika sayar: dala 3,000, ko uwar kuɗin ba ta dawo ba, ga tukunya 150 a bayan gida. Atamfar da ba ta shiga ba sai ki ninke ta ki ajiye har sallar baɗi. Wannan kaya kuwa mai rai ne, kuma eldaberi mashayin ruwa ne. A zafin Yuli, baƙar tukunyar roba tana bushewa cikin yini guda, ganyen ya langaɓe kafin la'asar. Ranar da kika yi tafiya ba ki bar mai ban ruwa ba, jarinki ne ke mutuwa a tsaye.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Kin shirya biyan dala 11 a kan itacen da yake cikin mafi sauƙin haifarwa a ƙasar nan. Kin san yadda ake sarar aguwa a gida a kafa a bakin gona ta kama ta zama shinge? Kusan haka eldaberi yake. A ƙarshen hunturu, tsakanin Fabrairu da Maris, tun itacen bai farka ya fara toho ba, ake yanko reshen bara mai kaurin fensir ko ya ɗan fi, a gutsuttsura shi kowane guntu da gaɓa biyu ko uku. A kowace gaɓa za ki ga ido biyu suna kallon gefe da gefe, a cikin karan kuma totuwa ce fara mai laushi. Ki yanke ƙasan a karkace, saman a miƙe, don kada ki dasa shi kai a ƙasa. Ki cusa shi a ƙasar dashe mai laima, gaɓar sama kaɗai a waje, ki ajiye inda rana ba ta duka sosai. Ganye yakan riga saiwa fitowa, saboda haka kada ki ga kore ki ciro ki duba. Ki ba shi makonni, ki tsare laimar. Kafin ƙarshen Mayu yawancinsu sun kama.

Ga lissafin wannan hanyar, amma alƙaluman ƙiyasi ne, ki tabbatar da farashi da kanki kafin ki fitar da ko sisi. Mu ce kin sayi guntun reshe dala 2, tukunya da ƙasa dala 2 da rabi, taki da ruwa da takardar suna dala 1. Guda 200 sun ci 1,100. Mu ce 150 suka rayu, kowane ya tsaya miki a kan dala 7 da 'yan kai. Ki ware 400 ta lasisi da kuɗin rumfa a kasuwar manoma, jimla 1,500. Ko a dala 18 kika sayar, guda 84 sun dawo miki da kuɗinki, abin da ya biyo baya riba ne. Sauran 2,500 kuma suna nan suna juyawa a atamfa da turare, inda kika san kan kasuwa.

Mafi muhimmanci, ki dasa guda goma ko goma sha biyu a ƙasa a bayan gidanki, kada ki sayar da su. Su ne iyayen jarinki. Daga shekara ta biyu zuwa ta uku, duk reshen da za ki raina daga jikinsu zai fito, kyauta, don dama itacen yana son aski a ƙarshen hunturu. Su ne kuma tallarki, domin mai saye ya zo ya tsaya a gaban shinge mai rai ya fi ya ga hoto a waya. Idan barewa na shigowa unguwarku, ki kewaye ƙananan da waya, suna cin tohon.

Abin da za ki daure masa shi ne jira. Kin saba da kuɗin da ke fita da safe ya dawo da yamma. A nan, abin da kika kafa a Maris sai Satumba zai cika tukunya ya isa sayarwa, wasu ma sai Afrilun baɗi. Shi ya sa nake roƙonki kada ki taɓa jarin shago, kada kuma ki ci bashin katin banki a kan wannan. Ko ba a yi maganar ruwan da ke kansa ba, bashin da ake biya wata-wata bai dace da kayan da ke kawo kuɗi sau biyu a shekara ba.

Wajen zaɓen iri, ki duba takarda ki ga an rubuta Sambucus canadensis, shi ne na Amurka. Sambucus nigra na Turai ne, kuma shi ne tushen irin masu baƙin ganye na ado kamar Black Lace. Mai neman na asalin ƙasa ba shi yake so ba, ga shi irin waɗannan sukan zo da rajistar mallaka, ta iri ko ta suna. Rajistar iri a Amurka shekara 20 take yi, kuma haifar da shi don sayarwa ba da izini ba saɓa doka ne. Adams da York tsofaffin iri ne daga New York. Bob Gordon da Wyldewood kuwa Jami'ar Missouri ce ta fitar da su, jihar da ta yi fice a noman eldaberi. Ki riƙe aƙalla iri biyu, domin sun fi yin 'ya'ya idan an haɗa su wuri guda. Ki kuma samu ɗan na daji wanda ba a zaɓa ba, akwai masu son tsuntsaye da ba sa sayen komai sai shi.

Kada ki yi gasar araha. Hukumomin kula da ƙasa da ruwa na gundumomi, har da ta Franklin inda Columbus take, suna sayar da ƙananan dashe da rahusa duk shekara, ba za ki iya karya farashinsu ba. Abin da ba sa yi shi ne zuwa gidan mutum. Ki daina tunanin tukunya ɗaya-ɗaya, ki sayar da shinge. Mai bakin gida ƙafa 30 yana buƙatar guda shida ko bakwai, tazarar ƙafa 5, iri biyu a gauraye. Ki yanka masa farashi guda da ya haɗa da kaiwa da dasawa da zuba ɓawon itace a gindi, ki kuma koma bayan wata guda ki duba. A nan ribar take, kuma maƙwabcin da ya ga ana aikin shi ne mai saye na gaba. Amma kafin a kafa shebur a gidan kowa a kira lambar waya 811, doka ce a Ohio, su zo su yi alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Yanzu maganar da nake so ki riƙe da hannu biyu: ki faɗi aibin kayanki kafin a biya ki. Eldaberi yana zubar da ganye. Daga Nuwamba zuwa Afrilu tsirarun karare ne, mai wucewa zai hango har ƙofar kicin. Wanda ke son rufi shekara duka, ki ce masa ya haɗa da masu ganye kore kullum irin su eastern red cedar ko arborvitae, eldaberi ya zauna a gaba. Yana kuma fitar da sababbin tsirrai daga saiwa yana yaɗuwa, idan ba a sare su ba za su ɓulla a gidan maƙwabci, don haka bai dace da matsattsen lungu ba. Tsuntsun da ya ƙoshi da 'ya'yan zai bar shunin kashi a kan mota da shanya. Sannan ganye da kara da ɗanyun 'ya'yan suna ɗauke da sinadarin da ke sa tashin zuciya da amai, sai an dafa nunannun ake ci. A 1983 a California an kwashi mutane zuwa asibiti bayan sun sha ruwan ɗanyen eldaberi da aka matse har da ganye da kara. Mai ƙananan yara ya kamata ya ji wannan daga bakinki. Ki rubuta duka a 'yar takarda ki maƙala a kowace tukunya. Za ki rasa ciniki ɗaya ko biyu, na sani. Amma unguwa ɗaya kuke, kuma a Facebook da dandalin 'yan unguwa na Nextdoor inda za ki yi talla, a nan wanda ya ji an rufe shi zai kai ƙara.

Batun dafawa a zuba a kwalba, ki jingine shi tukuna. Sana'a ce daban mai dokokin abinci nata, tsinke ƙananan 'ya'yan nan daga karansu aiki ne mai cin lokaci, ba sa kuma jimawa bayan an tsinko sai an daskarar. Masu saye za su so ki ce yana maganin mura, hukumar abinci da magunguna ta FDA kuwa ba ta yarda a ce kayan abinci na warkar da cuta ba. A 2020 ita da FTC, hukumar da ke sa ido kan ciniki da talla, sun aika wa masu irin wannan iƙirari kan korona takardun gargaɗi.

Takardu kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sayar da dashen itace a Ohio sai da lasisin Ma'aikatar Gona ta jihar, wadda ke Reynoldsburg, kuma mai raino da kansa sai sun zo sun duba kayansa. Idan kina da rajistar karɓar harajin ciniki ta shagonki, ki tambaya ko ta wadatar da wannan. Ki karanta dokar unguwarku, musamman idan akwai ƙungiyar masu gidaje, wasu ba sa yarda a jera tukwane ko masu saye su riƙa sintiri. Ofishin malaman gona na Jami'ar Jihar Ohio da ke gundumarku zai nuna miki yadda ake gwajin ƙasa, ƙungiyar 'yan sa-kai masu ba da shawarar kasuwanci ta SCORE kuma tana duba lissafin ƙananan 'yan kasuwa kyauta.

Shi kuwa mai sarin, ki yi masa godiya, ki tambaye shi ko zai sayar miki da guda goma sha biyu, iri biyu ko uku masu suna a rubuce. Su za ki dasa a ƙasa. Odar reshe kuma ki yi ta tun Disamba ko Janairu, don masu sayarwa a lokacin hunturu kaɗai suke yanka, kuma irin da aka fi nema yakan ƙare da wuri.